Fari a Kan Fari

Shagona yana Jekadafari:
kwamfuta uku, ɗaya ta mutu tun bara,
fanka mai kuka, da janareto mai shan mai
kamar yana bina bashi.

Ran Talata bayan azahar
Malam Ɗalha ya iso daga Kumo
da takardunsa cikin baƙar leda.
Shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi,
yau an ce ya tabbatar yana raye
a shafin 'yan fansho, kafin Juma'a.

Na buɗe shafin.
Tambari ya fito, hoton ofis ya fito,
koren layi sama, koren layi ƙasa,
tsakiya kuwa fayau,
gonar da aka share aka manta da iri.
Ba rubutu, ba wurin latsawa.
Kibiya ta zaga gabas, ta zaga yamma,
ba ta sami inda za ta zama ɗan hannu ba.

"Ina sunana?" in ji shi.
Na ce, Malam, ɗan ba ni minti biyu.

Na sake lodawa. Shiru.
Na sake. Kamar an aiki bawa garinsu.
Na share tarkacen da burauza ta tara,
har tarihin abin da 'yan makaranta suka kalla.
Na kashe mai tare talla,
ko shi ne ya zaƙe
ya kulle ɓarawo da mai gida ɗaki guda.
Na ƙara girman shafi, na rage.
Na zare waya ta baya na hura mata iska,
alhali na san iska ba ta magani.

Malam ya dubi agogo, ya dubi ledarsa.
"Wataƙila sun riga sun cire ni.
Haka aka yi wa Malam Garkuwa:
ya je da ƙafarsa,
aka ce takarda ta ce ya rasu."
Ya yi dariya.
Ni dai gumi nake sharewa.

Na leƙa na kira Lamela,
mai gyaran waya na shagon kusa.
Ya shigo da gyaɗa a hannu, bai ko zauna ba.
Ya dafa linzami, ya danna daga kusurwa,
ya jawo ƙasa a hankali
kamar mai yaye mayafi daga kan mai barci.

Sai ga su.
Shuɗi ya bi ta kansu layi bayan layi,
haruffa suka miƙe tsaye:
suna, lamba, latsa nan.
Ashe tun ɗazu suna zaune,
fari a kan fari, suna kallonmu.
"Wani yaro ya taɓa maka saitin launi,"
in ji Lamela, ya watsa gyaɗa a baki.
Danna biyu, ya mayar da komai gidansa.

Saura abu guda.
Inda harafin farko na sunan Malam yake
wani ɗan akwati ne a zaune, ba kowa ciki,
sai "alha" na biye da shi kamar maraya.
Na ce, ai ba komai, za su gane.
Ya ce, "A'a.
Da ƙugiyarsa aka raɗa mini shi."
Muka canza salon rubutu, muka sake canzawa,
a na uku Ɗ ta dawo da lanƙwasarta.
Ya matso da tabarau, ya karanta a bayyane
kamar mai kiran rajista,
ya amsa wa kansa: "Ina nan."

Ya biya ɗari biyar, ya ƙi karɓar canji,
ya yi sauri kada motar Kumo ta cika.

Da dare, kafin in kashe janareto,
na buɗe saƙon da ƙanena ya turo daga Fatakwal
wata huɗu ke nan,
layi biyu kacal, sai fili.
Na ja linzami a kan filin,
tun daga sama har ƙasa,
sau biyu.