Bahago a Kan Talatin da Takwas

Na saye shi da la'asar, a kan talatin da takwas,
ina zaune a rumfar cajina ta Gawon Nama,
wayoyi ashirin na shan wuta a bayana.
Ban san garinsu ba. Sunansa ma ya ƙi zama a harshena,
sai na raɗa masa Bahago,
don da hagu yake dukan ƙwallon.

Allon ya tambaya: zai ci? E ko A'a.
Na danna E da dubu arba'in,
kuɗin batirin sola da Luba ta damƙa mini
ƙulle a leda, ta ce kada ya kwana.

Kawu Jabbi ya leƙo, warin albasa ya riga shi sallama.
Na ce, Kawu, wannan ba caca ba ce, kasuwa ce,
ka saya da araha, ka jira, ka sayar,
yadda kake kwantar da buhu ɗari
kana jiran farashi ya miƙe.
Ya daɗe yana duban wayar.
Ya ce, "Sahabi, albasa in ta faɗi, ana miya da ita.
Wanga abu naka, mi aka dahwawa da shi?"

Bayan isha'i suka fara.
Lissafin tanis ma na ban haushi ne:
sha biyar, talatin, sai arba'in,
ba mai tambayar inda biyar ta shige.
Alƙali bisa doguwar kujera
kamar mai korar tsuntsaye a fadamar shinkafa,
'yan kallo tsit kamar ana rabon gado,
kawuna dama, hagu, dama.

Bahago ya cinye zagayen farko.
Talatin da takwas ta zama sittin,
ta zama saba'in da tara.
Wurin da aka rubuta Sayar ya yi kore shar
a ƙarƙashin babban yatsana.
Dubu tamanin da uku.
Batiri, da fanka, da canjin atamfa.
Zuciya ta ce, saura ƙiris ta cika ɗari,
wa ke sauka daga mota a Kwannawa
alhali ga gari can?

Sai ruwa ya sauko a garinsu.
Mu da muka fita roƙonsa ranar Talata
ba mu ga ko ɗigo ba,
su kuwa gudu suke suna rufe fili da tamfol.
Minti hamsin ina gadin ruwan wasu
gumi na bin bayana.

Da suka dawo, cinyarsa ɗaure da farin ƙyalle.
Hamsin da huɗu.
Talatin da ɗaya.
Guga ce igiyarta ta tsinke,
ina leƙen rijiya ina jiran ƙarar.
Na danna Sayar, sabis ya ɗauke,
'yar da'ira ta yi ta zagaya kanta
kamar akuya a turke.
Da ta tsaya, bakwai.

Ya je bakin raga ya miƙa hannu,
har da murmushi.
Ya rataya jaka, ya ɗaga wa jama'a hannu.
An ce ko wanda aka kayar yana da ladansa.
Bai san akwai Mabera ba,
balle ɗakin da zai kwana da duhu saboda cinyarsa.

Na zo rufe rumfa,
sai ga albasa uku a kan benci,
Kawu ya ajiye, bai ce komai ba.

Luba na tsakar gida tana yi wa yaro fifita da murfin kwali.
Ta dubi hannuna.
Na miƙa mata albasar.
Ta juya su, ta sake juyawa,
ta ce, "Nawa ka saye su?"

Wayar ta yi motsi a aljihuna.
Gobe wata yarinya za ta buga,
tana kan ashirin da biyu.