Shukar Bakin Taga

Ni da ban taɓa riƙe fartanya da daɗin rai ba,
ni da na gudu daga gonar Baba a Ƙanƙara
na ce layin littafi ya fi kunyar gero sauƙin bi,
yau ga ni a Sheffield, tsakiyar Afrilu,
durƙushe a kicin ina auna ƙasa da cokali.

Maƙwabciyata Maureen ce ta jawo.
Ta miƙo ambulan ta saman katanga,
ƙwaya goma sha biyu, farare sumul.
Ta ce, "Irin marigayi mijina ne, koren wake,
ni gwiwa ta hana ni durƙuso bana.
Kada ka kai su waje tukuna,
sanyin garin nan makiri ne,
sai ƙarshen Mayu yake sallama da gaske."

A gida sai ruwa ya sauka ake shuka,
a sari rami, a jefa, a take da diddige.
Nan ruwa ba ya ɗaukewa.
Rana ake roƙo.

Kofunan yogot muka wanke, ni da Rumasa'u,
muka huda gindinsu da ƙusa mai zafi.
Ƙasar ma a leda na sayo, fam huɗu da rabi.
Da Baba ya ji an sayi ƙasa a kanti
da ya riƙe haɓa har la'asar.

Rami gaɓar yatsa biyu, ƙwaya ɗaya, a rufe.
Ruwa kaɗan, a jiƙa kawai.
Da kuskure na koyi wannan:
ukun farko na yi ta ɗura musu kamar baƙin da suka sha hanya,
suka ruɓe, suka cika kicin da warin daddawa.

Tara suka rage. Muka jera su a bakin taga,
saman hita, inda ɗumi yake taruwa.
Kwana uku, shiru.
Kwana shida, shiru.
Na kama Rumasa'u tana tono da fensir,
na ce, "Mai tono ba ya cin wake."
Ban gaya mata ba, da asubar ranar,
da na dawo aikin dare daga asibiti,
ni ma na tona ɗaya, na mayar, na shafe wurin da yatsa.

Rana ta takwas
wani abu ya ɗago ƙasa da ƙeya,
a sunkuye kamar mai ruku'u,
ɓawonsa a ka kamar hular da ta yi masa kaɗan.
Kafin jibi ya miƙe, ya buɗe tafuka biyu.
Yarinyar ta yi ihu har Maureen ta ƙwanƙwasa bango.

Sai duk suka karkata ga gilashi,
wuya dogo, siriri, suna leƙen rana.
Na san wannan karkatar. Nawa wuyan ma kudu yake.
Kullum safe sai in juya kofi,
kullum yamma sun sake juyawa.

Da Mayu ya raba, muka fara fitar da su shan iska,
da hantsi a kai su ƙofa, da magariba a kwaso,
mako guda, kamar yadda na yi da Rumasa'u
farkon shigarta makaranta.
Ranar dashe Maureen ta tsaya da sandarta:
"Kada ka taɓa saiwa! Kife kofin a tafinka,
ka kai shi da ƙasar da ya saba."
Na yi shiru. Na kife.

Daren farko dodon koɗi ya cinye biyu.

Na tura wa yayana Lurwanu hoton sauran.
Ya aiko murya, dariya ta hana shi magana:
"Bakwai? Wannan ce gonar taka, Malam?
To, ka kafa musu sanda tun yanzu,
wake ba ya jiran mai shi."

Sandunan mijin Maureen suna jingine a bayan ɗaki,
da ragowar zaren bara a jikinsu.
Gobe in na tashi barci.