Gwangwanayen Mma Zuweratu

Na sauka daga turoturo a Aboabo
da zane goma sha biyu a jaka,
akwati na bin akwati, kibiya na bin kibiya.
Kwana uku na yi ina gyara su a Adum,
a ɗakin da ba a jin ƙamshin kasuwa.

Mma Zuweratu tana yayyafa wa goro ruwa.
Ta karɓi takardar da jiƙaƙƙen hannu,
ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa,
ta ce, "Yaro, gidan ya yi kyau.
Wa ke kwana a ciki?"

Na ce nan ake shiga, nan ake ganin rahoto,
nan jimillar bashi ke fitowa da ja.
Ta tsinke ni da dariya,
ta janyo tire daga ƙarƙashin benci:
gwangwanayen madara, sun kai talatin,
kowane da tsakuwa a cikinsa.

"Wannan mai lanƙwasasshen baki na Fuseni direba ne,
ƙwarya biyu, sai ranar Laraba.
Wannan na Akosuwa ne, ba ta taɓa saɓawa ba.
Wancan da na kife..."
Sai ta yi shiru, ta gyara ganyen da ke kan huhu.
"Matarsa na asibiti.
Wanda aka kife, ba a girgiza shi."

Na duba zanena goma sha biyu.
Akwai wurin tuni, akwai wurin tara,
akwai ƙararrawa mai bugawa da kanta.
Ko ɗaya babu wurin kifewa.

Na zauna a kan buhu har la'asar, bakina a rufe.
Na ga ba ta karanta suna, fuska take karantawa.
Na ga hannunta ɗaya kullum yana cikin ruwa,
don haka babban yatsa kaɗai zai taɓa waya.
Na ga idan ta yafe sidi biyar
ba ta so ko maƙwabciyarta ta ji.

A bayan kwalin sabulu na sake farawa.
Ban zana maɓalli ba tukuna, ban zaɓi launi ba.
Na rubuta abu uku kawai:
mutum gwangwani ne,
bashi tsakuwa ne,
haƙuri kifewa ne.
Sauran duk daga nan za su tsiro.

Ta sa yatsa a kan da'irar da na zana,
ta tura ta kamar mai kife kofi.
Kwalin bai motsa ba, amma ta gyaɗa kai.
"Idan na girgiza wayar, zan ji nauyinsa?"
Na ce ban sani ba, zan gwada.

Ta ɓara farin goro, ta ba ni rabi,
ta ɗauko sabon gwangwani, ta jefa tsakuwa ɗaya.
Na ce na wane ne?
Ta ce, "Naka. Laraba nake jiranka."