Tukunya a Cikin Waya

Shekara talatin ina zubin tukwane a Fanteka.
Gwangwanin lemo, tsohon fistan, murfin injin da ya mutu,
in narka su, in zuba a cikin yashi,
su fito da baki ɗaya da kunne biyu.
Mai saye ya zo da ƙafarsa,
ya ƙwanƙwasa gindin da zobe, ya kasa kunne,
mu yi ta ciniki har shayi ya huce.
Iyakar kasuwar da na sani ke nan.

Wata Laraba Suwaiba, autata, ta kawo min abinci,
ta ƙi tafiya, ta tsaya da waya a hannu.
"Baba, kar ka waigo, ci gaba da aikinka."
Na ce ke, wa zai kalli tsoho yana zufa,
singileti duk ƙuna, hayaƙi na cin ido?
Ta ce, "Ai shi ake so."

Kafin Asabar, wai mutum dubu goma sha ɗaya
sun ga narkakken ƙarfe yana gangara kamar koko.
Na ce to, nawa suka saya?
Ta ce, "Tukuna."
Kowa "nawa ne, nawa ne",
da ta faɗi kuɗi sai shiru,
kamar an aiki bawa garinsu.

Sai ga Madam Kuyet daga Barnawa,
mai girkin biki, tana son manya guda shida.
Ban ga fuskarta ba, ba ta ga tawa ba.
Waya ta yi ƙara, Suwaiba ta yi guɗa,
ɗan Keke ya ɗaure su da roba, ya haye gada.
Ranar na sayi tsire, ban ce komai ba.

Wani kuma ya zo da hoton mota a madadin fuska,
da sallama mai tsawo, da addu'a ga iyaye.
Huɗu muka kai masa tashar Kawo.
Da muka je wajen mai fiyo'es
ashe alat ɗin na bogi ne.
Yarinya ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo.
Na ce share hawaye, na san shi tun da daɗewa,
da can aljihu yake yanka a Kasuwar Barci,
yanzu shi ma ya sayi data.

Abin da ke gajiyar da ni, ba ya zama wuri ɗaya.
Bara Fesbuk ne, bana an ce ya tsufa.
Sai Tiktok, sai sitatus, sai a yi magana kai tsaye
da mutanen da ba sa amsa sallama.
Ɗan'asabe mai murhu, maƙwabcina,
na gan shi yana rawa da kurfoti a ka
don wani kiɗa da zai mutu kafin Juma'a.
Ya sayar da ashirin.
Ni dai na ce gwiwata ba ta haya ba ce.

Wani ma ya kwashe bidiyon, ya manna lambarsa,
yana can yana cin kasuwa da hannuwana.

Jiya bayan isha'i, babu wuta,
cajin waya saura kaɗan,
wata tsohuwa daga Kafanchan ta turo murya:
"Ɗiyata, hoto ba ya faɗin gaskiyar tukunya.
Ce wa babanki ya buga min ita in ji."

Na tashi na ɗauko lamba ashirin.
Suwaiba ta kara wayar a bakinta.
Na juya zobena, na buga sau uku,
ƙarar ta daɗe kafin ta kwanta.

Muka zauna a duhu muna jira.
Can sai ga amsa:
"Ba ta da tsaga. A saka min biyu a mota."