Tafin Hannu a Matakala ta Casa'in da Ɗaya

Kafin hasumiya, tsibirin nan na tsuntsaye ne
da ƙaguwa masu hawan bishiyar kwakwa,
sai masuntan Unguja in dare ya rutsa da su,
su kwana a kan dutse,
su tashi da zanen dutsen a haƙarƙari.
Babu rijiya. Har yau babu.

Sai wani jirgi ya fashe a kan murjani,
maƙare da kanumfari.
Kwana uku teku tana ƙamshi.
Mutum goma sha tara suka nutse,
ba wanda ya ɗaga alƙalami dominsu.
Buhunan aka yi wa kuka a ƙasar Turawa,
kukan nan shi ya kawo injiniya
da malafa, da agogon aljihu,
da taswira a naɗe cikin gwangwani.

Kakana Pandu Hija yana cikin waɗanda aka kwaso.
Bai ce zai zo ba,
mai garinsu ne ya amsa da bakinsa.

In ruwa ya janye su fasa murjani da guduma,
in ya dawo su hau tudu su ƙona shi
har ya zama farar ƙasa mai cin fatar hannu.
Ruwan daɗi a ganga ake kawowa:
a fara shayar da kwaɓi ya ƙoshi,
ragowar a raba wa mutane da ludayi.
Faki Mcha ya kurɓi rabon kwaɓi a ɓoye,
aka yanke masa ladan mako guda.
Kombo ya faɗo daga kan gora a wata na takwas,
aka dakata gwargwadon sallar gawa,
agogon aljihu ya ce ya isa.

Shekara biyu tana tashi, zagaye bisa zagaye,
tana tsukewa kamar wuyan tulu.
Sannan gilashin ya iso, a akwatuna cike da ciyawa,
aka hau da shi ana riƙe numfashi.
Ko jinjiri bai ga irin wannan tattali ba.
Ran da aka kunna lagwani
aka sa wa ƙofa kwaɗo,
aka ce magina su koma gida.
Allon tagulla ya ɗauki sunan gwamna
da na mai malafa, da shekara. Shi ke nan.

Amma tun kwaɓi yana ɗanye,
a matakala ta casa'in da ɗaya,
can ƙasa inda fitilar mai duba ba ta kaiwa,
Pandu ya danna tafinsa a bango.
Yatsa huɗu. Na biyar guduma ta cinye.

Na so in tsane ta, hasumiyar nan.
Ba don kwale-kwalenmu aka gina ta ba,
don kaya su fita lafiya ne.
Sai dai wani dare na hadari,
taurari sun ɓuya, iska ta yage filafili,
ita ce ta nuna wa babana hanya.
Kakata Mwatima ta tsame shi daga ruwa tana cewa:
ko maƙiyi ne ya hura wuta,
mai jin sanyi ba ya tambaya.

Yanzu ba kananzir, ba mai gadi,
hasken rana take sha ta kunna kanta.
Ni ke kawo baƙi a jirgina,
su ɗauki hoton allon tagulla,
su hau suna haki, suna ƙirga matakala da yarensu.
Ina barinsu su wuce gaba.
A ta casa'in da ɗaya nakan durƙusa
kamar mai gyaran takalmi,
in sa hannuna cikin nasa.
Gishiri ya faɗaɗa gurbin,
ƙaramin yatsana kuwa ba shi da masauki,
yana nan shi kaɗai a kan bango mai sanyi.