Hular Rumbun Baba

Tun da rani Inna Tambai ta ce mini,
"Cindo, jinkar nan ta tsufa,
shuci ya ruɓe, igiya ta saki."
Na ce sai na sayar da barkono.
Na sayar, na ce sai bayan salla.
Safe da yamma ina ratse rumbun
kamar mai kauce wa wanda ke binsa bashi.

Ran Laraba na shiga Tudun Wada,
na sayo igiyar rama ƙulli biyu,
na rataye a zaure, na ce gobe.

Bayan lisha gabas ta haɗe rai.
Cida ta taso daga wajen Galma,
kaji suka yi tsit, akuya ta tsinke.
Iska ta zo da ƙasa, ta zo da ganye,
ta zo da kwanon gidan wani yana kuka a sama.
Walƙiya ɗaya ta nuna mini kome:
rumbun Baba tsaye ba hula,
baki buɗe, sama na ɗura masa ruwa.

Ban san wanda ya ta da yara ba.
Ina ciki, ruwa na dukan ƙeyata,
ina miƙo dami, Ladingo na karɓa,
Shekarau na jan wanda ya fi shi nauyi.
Dawa a kan gado, gero a ƙarƙashi,
maiwa a kan buzun salla.
Can gefen gabas ya jiƙe ya durƙusa
kamar tsohon da gwiwa ta ci amanarsa.
A daren nan hatsi ya kwanta, mu muka kwana tsaye.

Da safe na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Arba'in da uku na zuba da kaka,
mun ci sha ɗaya, tara na cikin laka.
Inna ba ta ce "ai na faɗa maka" ba.
Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.
Faifai ta ɗauka, ta zauna tsinta.

Kwana huɗu muna shanya a gindin Kufena,
muna korar kurciya da awakin mutane,
ido ɗaya a hatsi, ɗaya a gabas.
Mai fumfuna muka binne nesa da kaji.
Wata zangarniya ta tsiro a jiƙe,
Inna ta ɗora ta a tafin hannu:
"Ka gani, irin ubanka da ransa."

Jinkar kuwa a gonar Barau ta sauka,
Barau da muka shekara biyu ba gaisuwa
a kan kunya ɗaya ta bakin iyaka.
Ya ɗauko ta a ka, shi da 'ya'yansa,
ya dire a ƙofata yana haki:
"Hularka ta ƙetare iyaka, Cindo."
Na rasa ta cewa. Ya naɗe wando,
ya shiga kwaɓin ƙasa kafin a roƙe shi.

Mati magini ya bubbuga gindi,
ya ce duwatsun suna nan daram,
sama ce ta gaza.
Cikin ɓaraguzai na tsinci guntun yaɓe
mai shatin yatsun Baba biyar.
Na sa nawa a ciki, ba su cike gurbin ba.

Yanzu sabon shuci ne, igiya huɗu,
kowace ta sauko ta kama dutse.
Mun rage tiya, tuwo ya ɗan ƙanƙance,
amma iri na cikin tulu, an liƙe bakinsa.

Jiya hadari ya sake haɗowa.
Na fita da fitila ina taɓa ƙulli ɗaya ɗaya.
Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya,
"Shigo, Cindo, ai ya ɗauru."
Na amsa mata da to,
ban shigo ba sai da aka ɗauke.