Tarkon Takarda a Gindin Aduwa

La'asar sakaliya nake fita,
ni da Harisu da kwalbar man zurma,
mu shafe fararen takardu ciki da bai,
mu soke su a tsinke, mu kafa
inda baƙar ƙasar Gadarif ta buɗe baki tana tsagewa.

Masu riɗi na dawowa daga gona.
Ɗaya ya ce, "Diktora, layu kike binnewa?"
Na ce a'a, Baba, tarko ne.
Ya dubi takardar, ya dubi jakinsa,
ya ce, "Wace dabba ce takarda ke kamawa?"

Dabbar ba ta kai ƙwayar riɗinka ba.
Ba ta kuka kamar sauro, ba ta sallama.
Da rana tana kwance a tsagar ƙasa,
da magariba ta fito
neman ƙafar yaron da ya yi barci a gindin aduwa.

Bayan watanni zazzaɓi ya sauka, ya ƙi tashi.
Saifa ta kumbura, haƙarƙari ya fito fili,
uwa ta sayar da akuya, ta sayar da 'yan kunne,
kafin amalanke ya kai shi asibiti
idanunsa sun fara dusashewa.

Da asuba muke kwashe tarkuna.
Da bakin allura nake ɗaga su, ɗaya bayan ɗaya,
ƙarƙashin madubin ƙara girma:
mace nan, namiji can.
Dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya a bana.
Wuta ta ɗauke a na ɗari tara,
na ƙarasa da fitilar waya, Harisu na riƙewa.

A jadawalina akwai lamba arba'in da ɗaya:
shekara shida, kilo sha uku, allura kwana sha bakwai.
A gida sunanta Mardiyya.
Ita ta tambaye ni ko ƙwarin nan suna da uwa.
Jadawali ba shi da gurbin wannan tambaya,
sai na ajiye ta inda tawada ba ta kaiwa.

Na aika rahoto ƙetaren teku.
Wata bakwai shiru. Sannan amsa ta zo
daga masanin da ba a faɗa mini sunansa, haka ƙa'idar take:
"Adadin ya yi kaɗan. A ƙara ƙauyuka. A sake lissafi."
Na yi fushi har shayina ya huce.
Cikin dare na sake lissafin.
Yana da gaskiya. A shafi na tara
ga kuskurena zaune, ya harɗe ƙafa,
yana jiran in zo gaisuwa.

Ba komai.
Gugan farko laka yake ɗebowa.

Abin da na sani bai cika ludayi ba:
bukkokin da ke maƙwabtaka da bishiyar
sun fi cika mini takarda.
Ko inuwar ce, ko laimar ƙasa, ko awakin da ake ɗaurewa,
ban sani ba tukuna.
Tukuna, ita ce kalmar da na fi rubutawa.

Baba mai riɗi ya ce, "To a kawo gatari?"
Na ce dakata.
'Ya'yanta kakanninmu suka tsotsa
da suka taho a ƙasa daga yamma, da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare musu a bakin Rahad.
Shaidar rani ɗaya ba ta isa a kai ta ga sarewa.

Jiya Mardiyya ta zo da ƙafarta, ciki ya saɓe.
Ta roƙi takarda guda,
ta shafa mai har gwiwar hannu,
ta kafa a bayan ɗakinsu, a karkace.
Da safe muka duba:
ƙwari uku, tururuwa ɗaya, da gashin kaza.
Na rubuta uku.
Ta ce in sa sunanta.
Na sa, da fensir, a gefen shafi,
ta ja kujera kusa da madubi,
muka koma ƙirgawa.